Babi na Shida: Saran Itatuwan da Ƙwaro Ya Kashe a Dajin Gwamnati

Darasi na 1: Inda abin ya faru

Iyayena da yayyena, a ajiye fensir tukuna, da karatu za mu fara. Layin da ke sama shi ne sunan darasi, na ƙasa kuma bayani ne. Ku ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma, ku bi ta a hankali. Waɗanda suka saba da allo, ku tuna boko daga hagu yake farawa.

A yammacin ƙasar Kanada akwai wani lardi mai suna Biritish Kolombiya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na filayen lardin mallakar gwamnati ne, har da dazuzzukan. Itacen da ya cika dazuzzukan tsakiyar lardin ana ce masa fayin. Dogo ne, miƙaƙƙe, ganyensa kore ne duk shekara, kuma da katakonsa suke gina gidaje.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani ɗan ƙwaro ya addabi wannan itace. Girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A da tsananin sanyin hunturu ne ke kashe tsutsarsa. Da aka jera shekaru sanyin bai yi tsanani ba, ga daji cike da tsofaffin itatuwa, sai ƙwaron ya samu sake. Ɓarnar ta shafi daji fiye da hekta miliyan 18, kuma fiye da rabin fayin da ya isa sayarwa ya mutu.

Yanzu a ɗauki fensir, a rubuta 18,000,000. Ku ƙirga sifili, shida ne. Ɗan waƙafin da ke tsakani ba lamba ba ne, yana raba sifilin uku-uku domin ido ya huta.

A farkon shekarun 2000 gwamnatin lardin ta ƙara wa kamfanoni yawan itacen da aka yarje su sara a shekara, domin a kwashe matattun kafin su lalace.

Darasi na 2: Launuka uku

Wannan darasi shi ne ƙashin bayan babin, kuma a nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Kada kowa ya ji kunya. Za mu maimaita har ya zauna.

Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa a shafinku. Shafin ya rabu gida uku ke nan. A gidan farko ku rubuta KORE, a na biyu JA, a na uku TOKA.

Gidan farko, kore. Lokacin zafi, wajen Yuli da Agusta, ƙwaron ke huda ɓawo ya shiga ya yi ƙwai. Tsutsa ta fito ta cinye taushin da ke ƙarƙashin ɓawo. Ƙwaron kuma yana shigowa da wata irin funfuna mai toshe hanyar ruwa, ita ce ke rina katakon ya yi shuɗi. Itacen ya riga ya kamu, ba zai tashi ba, amma ganyensa kore shar har shekara ta zagayo. A ƙarƙashin KORE ku rubuta: ƙwaro yana ciki.

Na san abin da hannu ke son rubutawa. Hannu na son ya rubuta "lafiyayye". Ku tsaya. Wanda ya rubuta haka ya goge, ba laifi. Koren ganye bai isa shaida ba. Ma'aikacin daji ba sama yake kallo ba, jikin itacen yake dubawa: ko akwai dunƙule-dunƙulen ƙaro a ɓawo inda ƙwaro ya huda, ko akwai garin itace a gindi. In ya ga waɗannan biyu, ya san ƙwaro yana ciki. Ku faɗa da baki: ƙaro a jiki, gari a gindi. Ku sake. Madalla.

Gida na biyu, ja. A shekara ta biyu ganye ke rinewa ya yi ja. Kafin mutane su gama lura da jan, sababbin ƙwari sun tashi sun koma wasu itatuwan. Ku rubuta: ƙwaro ya fita.

Gida na uku, toka. Bayan 'yan shekaru ganyen ya zube, sai rassa tsirara. Ku rubuta: ya bushe, yana tsagewa.

To, mai son tare yaɗuwar ƙwaro, wane itace zai sare ya ƙone? Mai koren ganye da ya kamu, domin nan ƙwaron yake. Mai son tsira da katako kuwa, ja da toka zai kwasa, kuma da hanzari, domin kowace shekara tsaga na ƙaruwa, daraja na raguwa.

Mu koma gidan farko. Me aka rubuta a ƙarƙashin KORE? Ƙwaro yana ciki. Ku rufe littafi ku tambayi na kusa da ku. In ya ce ja ne mai ƙwaro, kada ku yi masa dariya, ku nuna masa shafinku. Haba jama'a, har yanzu ana samun masu kwafar shafin maƙwabci ba su karanta ba, su zo washegari su ce kore lafiyayye ne. Wannan ba karatu ba ne. Kun bar gona da kasuwa kun zo nan, kada ku yi asarar zuwan. Ku sake rubuta gidan farko sau biyar, kowa da hannunsa.

Darasi na 3: A dajinmu

Ba mu da fayin irin nasu a dajinmu, amma kuskuren yanke hukunci da ganye muna yin sa, sai dai namu a juye yake. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya fitar da sabo da rani. Kuka kuma tsirara take wuni da rani. Wanda bai sani ba sai ya ce sun mutu, ya ɗaga gatari.

Ga yadda ake gwadawa. Ku kankare ɗan wuri kaɗan a jikin ƙaramin reshe da farce ko wuƙa. In kun ga kore da danshi, itacen na da rai, ku bar shi. In busasshe ne, ku gwada wani reshen a wani gefe, domin reshe ɗaya kan mutu uwar na raye. Kada ku zagaye gindi da sara da sunan gwaji, yin haka shi ke kashe itace.

Can koren ganye na ɓoye mutuwa, nan rashin ganye na ɓoye rai. Duka biyun ɓawo ake dubawa. Ku rubuta: a duba ɓawo.

Darasi na 4: Takardar izini

Mutuwar itace ba ta mayar da shi na kowa ba. A Kanada ma kamfani sai da lasisi yake sara, kuma yana biyan gwamnati kuɗin gungumen da ya ɗauka. An ma yi kuka da cewa garin kwasar matattu ana haɗawa da rayayyun itatuwa na wasu nau'o'i.

Kafin ku shiga gandun daji, ku je wurin malamin daji ku nemi izini a rubuce. Ku karanta abu huɗu: sunanku, sunan wurin, kwanan wata, da hatimi. In kun biya kuɗi, ku karɓi rasit. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba. Na sha faɗa, ba zan ƙara ba.

Darasi na 5: Haɗari

Busasshen itace na iya sakin reshe ba zato. Ku dubi sama kafin sara, kuma kada ku yi aikin da iska.

A 2012 masana'antun katako biyu sun yi bindiga a lardin Biritish Kolombiya, ɗaya a garin Burns Lake, ɗaya a garin Prince George. Mutum biyu suka rasu a kowace. Busasshiyar ƙurar katako da ta taru ce ta kama wuta.

Darasi na 6: Bayan sara

A can lardin, doka ta wajabta wa kamfanoni su mayar da daji a inda suka sare. Da matattun suka ƙare, an rage yawan saran, masana'antu da dama suka rufe a 2019.

Aikin gida: ku rubuta sunayen itatuwa uku na garinku, da lokacin da kowanne ke kaɗe ganye. A zo da shafin gida uku.