Yadda za ka gane aikin Oct4, Sox2 da Nanog da biro da takarda

'Yan uwa masu karatun biyoloji a Ngaundere da Marwa, wannan darasin na tayi in ka ce haddace shi za ka yi wallahi ranar jarabawa zai gudu ya bar ka. Ɗauko takarda kawai.

Zana ƙwallo mai rami a ciki, shi ne blastosis, tayin mutum yana kai nan wajen kwana 5 bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi. A gefe guda daga ciki sa ɗan tarin ƙwayoyin halitta, su ne masu iya zama komai na jiki, jini, hanta, ƙwaƙwalwa, amma mabiyiya ba tasu ba ce, ta ƙwayoyin bangon waje ce.

A kan tarin nan rubuta Oct4, Sox2, Nanog. Furotin ne masu hawa kan ADN (wato DNA, zaren da ke ɗauke da bayanan gado) su kunna wasu jin (gene, sassan ADN masu ba ƙwaya umarni) su danne wasu. Ja kibiya daga kowanne zuwa sauran biyun, sannan wata ta lanƙwaso ta dawo kansa, don suna kunna junansu kuma suna kunna kansu, shi ya sa ƙwayar take tsayawa ba ta zaɓi hanya ba tukuna.

A bangon waje rubuta wani furotin, Cdx2, tsakaninsa da Oct4 zana layin dannewa ta ɓangare biyu, kamar kishiyoyi ne, ɗaki ɗaya ba ya ɗaukarsu na dogon lokaci. Haka za ka yi wa Nanog da furotin Gata6 a cikin tarin: inda Nanog ya rinjaya nan jikin jariri zai fito, inda Gata6 ya rinjaya a samu endodam na farko, wato shimfiɗar ƙwayoyin da ke tallafa wa tayin.

Inda malamai suke kama mutane shi ne yawan Oct4. Masanin Japan Hitoshi Niwa da abokan aikinsa sun nuna a 2000 a ƙwayoyin ɓera cewa in ya ragu sosai ƙwayar ta koma ta bangon waje, in ya haura da wajen rabi kuma ta karkata zuwa endodam da mesodam (shimfiɗar tsakiya mai samar da tsoka da jini), wato yawansa ma matsala ne. Sa wannan da jan biro.

Can ƙasa rubuta Yamanaka, Kyoto, 2006. Wannan masanin Japan daga furotin 24 ya tace zuwa 4, Oct4, Sox2, Klf4, c-Myc, ya mayar da ƙwayar ɓera da ta riga ta zaɓi hanya zuwa halin tayi, har ya samu Nobel a 2012 tare da masanin Birtaniya John Gurdon. Lura fa, Nanog ba ya cikin huɗun, nan ake yawan zubar da maki.