Darasi na Bakwai: Ina Ƙungiyar Taimako Take Samun Kuɗi?

Kowa a ajin nan ya taɓa jin sanarwa bayan sallar Juma'a: ana neman taimako don marayu, ko gyaran rijiya, ko wani bawan Allah da ke kwance a asibiti. Sai a shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci, wannan ya jefa naira 100, wancan 500. Taimako ne mai albarka, amma kafin wata Juma'ar ya ƙare. Shi ya sa ƙungiya mai son ɗorewa take sa wa 'ya'yanta kuɗin wata-wata. Mutum 40, kowa naira 500, an sami 20,000 ke nan. Ba yawa, sai dai an san da zuwansu.

Akwai kuma ƙaddamar da gidauniya. A kafa rumfa, a jera kujeru, a gayyato masu hannu da shuni, mai sanarwa yana faɗin abin da kowa ya bayar ana kabbara. Na taɓa riƙe biro a irin wannan taro a unguwarmu. An yi mana alkawarin buhu 30 na masara, muka yi murna, muka rubuta gidaje 30 na matan da mazansu suka rasu, muka aika musu su shirya. Buhu 11 suka iso. Ni aka tura in ba sauran haƙuri. Wata dattijuwa ta fito da kwaryarta a hannu, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, bai iso ba." Ta ce, "Ba komai, ɗana, Allah ya kawo." Har yau ina jin nauyin maganar nan. Tun daga ranar, littafinmu layi biyu ne: alkawari daban, abin da ya shigo hannu daban, kuma ba a rabo sai daga na biyun.

Zakka kuwa haƙƙi ce, ba kyauta ba. Dukiyar da ta kai nisabi, shekara ta zagayo a kanta, ana fitar da 1 cikin 40. Amfanin gonar damina 1 cikin 10, wanda aka sha wahalar ban ruwa 1 cikin 20. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi 8 na waɗanda ake ba wa, don haka kada ma'aji ya haɗa ta da kuɗin hayar kujeru ko fentin ofis. A ba ta nata shafin. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara ma suna da hukumominsu na zakka da wakafi.

Wannan hubusin, wato wakafi, shi nake so ku riƙe da kyau. Ana tsare asalin dukiya, ba sayarwa, ba gādo, a riƙa ciyar da amfaninta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a su sha. Sayyidina Umar ya yi haka da gonarsa ta Haibara. A wajenmu ba sai attajiri ba: shago ɗaya a bakin kasuwa, injin markaɗe, ko gonar mangwaro, kuɗin da suke kawowa ya riƙa biyan makarantar marayu shekara da shekaru. Gidauniyar da aka tara, maimakon a rabe ta rana ɗaya, ana iya yanke rabi a gina shagon.

Manyan masu bayarwa suna ɗaukar abin da ya fi ƙarfin unguwa. Gidauniyar Aliko Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates sun zuba kuɗi a rigakafin shan inna a jihohin Arewa, tare da gwamnati da sarakuna da matan da ke bin gida-gida, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Agustan 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar a Afirka. Amma irin waɗannan ba sa ba da kuɗi da baki. Za su nemi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, da rasiɗai, da littafin shige da fice. Karatun da kuke yi shi zai sa ku duba littafin da idonku, ba a karanta muku ba.

Aikin gida: wata ƙungiya ta sami kuɗin wata 20,000, hayar shago 15,000, da alkawarin 50,000 wanda 18,000 kawai suka shigo. Ku ja layi biyu a littafinku, ku rubuta nawa take da shi a hannu, nawa kuma take bi.