Yadda za ka yi nazarin fim ɗin ban tsoro in malam ya ba ku a aji

Abin da ke cinye wa ɗalibai maki a kwas ɗin nazarin fim shi ne ba da labari. A ce ka yi sharhi, sai ka cika shafi da wance ta shiga ɗaki dodo ya fito ta kwala ihu. Malam fa ya kalli fim ɗin tun kafin kai, abin da yake so ka nuna masa shi ne ta yaya aka yi har gabanka ya faɗi.

Kallon farko ka yi shi kawai kamar kowa, ka tsorata abinka, amma da biro a hannu, duk inda ka razana ka rubuta minti nawa ne. Daga nan ka zaɓi sin ɗaya tak, wato fitowa ɗaya a cikin fim ɗin, wanda bai wuce minti uku ba, a kansa za ka zauna.

To ga inda aikin yake. Kashe sauti gaba ɗaya ka sake kallon sin ɗin. Ina kamara take, a bayan yarinyar take binta ko ta zama idon mai kisan ne? Haske daga ina yake zuwa, wane lungu aka bari cikin duhu, me ya sa aka bar fili a bayan kafaɗarta ba kowa a ciki? Sannan ka ƙirga sau nawa edita ya yanka hoton. Ka gwada da sin ɗin banɗaki na Psycho inda aka kashe wata mata tana wanka, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1960, an yanka hoto sama da sau 50 a ɗan taƙin nan, kuma in ka riƙa tsayarwa ɗaya bayan ɗaya za ka ga kusan ba a nuna wuƙa na shiga jiki ba, ƙwaƙwalwarka ce ta ƙarasa kisan da kanta. Jinin ma ruwan cakuleti ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne ba mai ganewa.

Yanzu kuma juya abin, kifa wayar ko ka rufe ido ka saurara kawai. Wallahi rabin tsoron a kunne yake. Hitchcock da farko ma bai so a sa kiɗa a wannan sin ɗin ba, Bernard Herrmann ne ya haɗa wannan ƙarar gogen mai tsinka zuciya, da Hitchcock ya ji sai ya yarda. Ka lura da shiru kuma, yawanci in kiɗa ya ɗauke ɗif to wani abu na tafe.

Ka tambayi kanka me aka ɓoye. A Jaws na 1975, fim ɗin ƙaton kifi mai cin mutane, kifin injin da suka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole darakta Spielberg ya rage nuna shi, kuma hakan ne ya ƙara wa fim ɗin ban tsoro. Ni a ganina fim ɗin da ya fito da dodonsa tun minti goma na farko ya riga ya zubar da makaminsa.

Sai tambayar da malamai suka fi ba maki: wane tsoro ne na mutanen lokacin fim ɗin ya taɓo? A fim ɗin Najeriya Living in Bondage na 1992, mutum ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi fatalwarta ta hana shi sakat, wannan ai zancen neman kuɗin dare ɗaya ne a lokacin da talauci ya matse 'yan Najeriya.

Wajen rubutu, kowane sakin layi ya ɗauki abu uku: minti kaza, ga abin da kamara ko sauti ya yi, ga abin da ya jawo wa mai kallo. Kar ka rubuta "sin ɗin akwai ban tsoro" ka tsaya nan. In kuma akwai wajen da ba za ka iya kallo ba saboda jini ko tsiraici, ka faɗa wa malam tun da wuri ya canza maka wani sin ɗin.