Babi na 7: Girkin Baƙon da Ba Komai Yake Ci Ba

Darasi na 1: Tambaya kafin cefane

Sannunku da ƙoƙari, 'yan uwa. Ku ɗauko littafin rubutu da fensir, domin wannan babin da rubutu za mu fara shi, tukunya sai daga baya.

A garin Jos da wuya a yi suna ko walima ko bikin Kirsimeti a tara mutum 10 ba a samu wanda ake hana shi wani abu ba. Wannan yana da ciwon suga, wancan hawan jini, wata gyambon ciki, wani yaro kuma da ya ci gyaɗa sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Ga kuma abin da addinin mutum ya hana shi. Baƙo yana da kunya. Idan aka ajiye masa kwano ba zai ce ba ya ci ba: ko ya ci ya kwana da ciwo, ko ya ce ya ƙoshi ya tafi da yunwa. Maganin wannan abu ɗaya ne, a tambaye shi tun kafin a je kasuwa.

Ku lura da kyau. Kafin a je kasuwa muka ce. Idan aka bari sai an sauke tukunya, tambayar ba ta da sauran amfani, gishiri ya riga ya shiga. Ku tambaya da kwana 2 ko 3 kafin ranar, a waya ko baki da baki.

Ga yadda za a faɗa wa babba: “Baba, ranar Asabar muna sa ran ku. Akwai abin da likita ya hana ku ci?” Ga suruka ko gwaggo: “Gwaggo, kada mu yi girki ya zama bai yi muku ba. Me za mu rage, me za mu cire?” Ga maƙwabciya mai yara: “Maman yara, cikin yaran akwai wanda wani abinci ba ya karɓarsa?” Idan nauyin surukin ya hana ku, ku tambayi matarsa ko 'yarsa, su ne ma suka fi sani.

Sau da yawa amsar farko ita ce “Ai ba komai, duk abin da ya samu.” Kada ku tsaya nan. Ku sake tambaya, ku ambaci abin da sunansa: gishiri fa? sukari fa? gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, barkono? A nan ne gaskiya take fitowa.

Yanzu ku ja layi 2 daga sama zuwa ƙasa a shafinku, shafin ya rabu gida 3. A gida na farko, wato na hagu, ku rubuta WANE NE. A na tsakiya, BA YA CI. A na dama, DALILI. Misali: Kawu, gishiri, hawan jini. A ƙarƙashinsa: ɗan maƙwabciya, gyaɗa, borin jini. Ko rubutun ya karkace ba laifi, muddin kuna iya karanta abinku. Dalilin yana da muhimmanci, domin mai hawan jini rage masa ake yi, shi kuwa mai borin jini ko ɗigo ba a sa masa.

A aji mun sha ganin ana tsallake wannan takarda ana cewa “zan riƙe a kai”. Ranar taro kai ba ya riƙe komai. Ku tambaya, ku rubuta, ku tafi kasuwa da takardar a hannu. Ku maimaita da ƙarfi: tambaya, rubutu, sannan cefane.

Darasi na 2: Tukunya ɗaya, a ɗiba kafin a zuba

Ba sai an yi girki kala biyar ba. Gwaten acha ya isa misali, kuma kayansa duk suna kasuwar Farin Gada ta Jos: kabeji, alayyafo, yakuwa, gauta, karas, albasa, tattasai. Don mutum 6, ku auni acha gwangwanin madara 2, ruwa kamar lita 2 da rabi. Ku rege achar da ƙwarya biyu har sai tsakuwa ta daina kwanciya a ƙasa.

Ku dafa nama da albasa da citta da tafarnuwa da daddawa kawai. Babu gishiri, babu dunƙule. Wannan shi ne wurin da ake faɗuwa: uwargida ta tafasa nama da gishiri da magi tun da safe don sabo, ta juye romon a gwate, sannan ta ce ba ta sa wa Kawu gishiri ba. Ya riga ya shiga ta romo. Idan nama ya yi laushi a zuba kayan miya, a zuba acha ana juyawa don kada ta yi gudaji, ganye ya zo ƙarshe, minti 5 ya ishe shi. Yanzu ku ɗebi na mai hawan jini a ƙaramar kula, ku rufe. Bayan an ɗiba ne ake sa gishiri da dunƙule a babbar tukunya. A ɗiba, sannan a zuba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kifin gwangwani da kilishi. Dunƙule shi ma yawancinsa gishiri ne. Kanwar da ake jefawa a miyar kuɓewa ko wake tana cikin lissafin, a bar ta. Idan kuna tsoron na Kawu zai yi lami, ku ƙara daddawa, ku matsa lemon tsami kaɗan.

Mai ciwon suga kuma farantinsa ake gyarawa. Rabin faranti ganye, kamar kabeji da latas da kokwamba ko dafaffen zogale. Kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai. Ragowar kashi ɗaya cikin huɗun shi ne na tuwo ko shinkafa ko dankalin turawa. A nan Filato ana yawan cewa acha abincin masu suga ce, sai a cika wa mutum kwano har yana zuba. Acha hatsi ce, tana ɗaga suga idan ta yi yawa, a auna ta kamar sauran. Zoɓo ma a ɗebi nasa kafin a sa sukari. Kada a ce za a maye da zuma, ita ma suga ce.

Sai lokaci. Wanda ya sha maganin suga ko ya yi allura ba ya jure jinkirin abinci. Idan kun ce ƙarfe 2, ya zama ƙarfe 2, ko ku fitar masa da nasa tun da wuri. Idan kuka ga yana karkarwa, yana gumi, yana jiri, mai yiwuwa sugan ne ya faɗi: a ba shi sukari cokalin shayi 3 a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, in dai yana iya haɗiya, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai, a tafi asibiti.

Duk wannan bai yiwuwa sai kun san wane ne mai suga a cikin baƙin. Ta ina za ku sani? Ta tambayar da kuka yi kafin cefane. Ku duba takardarku.

Darasi na 3: Gyaɗa

Wannan ba na wasa ba ne, kuma ku daina cewa yaron tsirfa ce ko iyayi. Borin jini na gyaɗa yana iya toshe numfashi cikin mintuna. Dafuwa ba ta kashe shi, tsame gyaɗar daga kwano ba ya raba shi da abincin.

Gyaɗa tana ɓuya a man gyaɗa, da ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin tsire, da kilishi, da miyar taushe, da kwaɗon zogale, da gwaten wasu gidajen. Ku yi girkin da manja. Ku wanke turmi da taɓarya da ludayi da sabulu. Injin markaɗe na unguwa ma abin lura ne, wataƙila gyaɗa aka niƙa kafin kayan miyarku, gara ku jajjaga a gida. Ku fara girka na yaron, ku rufe, ku rubuta a takarda da manyan baƙaƙe BABU GYAƊA, ku manna a murfin. Cokalinsa daban.

Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, a tafi asibiti mafi kusa nan take. Ba a tsayawa ba shi manja ko madara.

Haba jama'a, har yanzu a jarrabawar aji ana samun masu fara jerin aikinsu da “zuwa kasuwa”. Sau nawa za a faɗa? Tambaya ce farko.

Darasi na 4: Abin da addini ya hana

Baƙo Musulmi ba ya cin naman alade, ba ya shan giya ko burkutu, kuma yana son ya san wanda ya yanka. Ku sayi naman wurin mahauta Musulmi, ku gaya masa tun bai tambaya ba, ku dafa a tukunya wankakkiya. 'Yan Katolika ba sa cin nama ranakun Juma'a a azuminsu na kwana 40 kafin Ista, a yi musu kifi ko wake. Masu zuwa coci ranar Asabar, wato 'yan Adventist, da yawansu ba sa cin alade da tarwaɗa. Ku tambaya.

Darasi na 5: Gyambon ciki da sauransu

Kada a sa attaruhu a tukunya, a kawo yaji a gefe. Wanda madara ke ɓata wa ciki, a ba shi furarsa da ruwa. Jaririn da bai kai shekara 1 ba, ba a ba shi zuma.

Aikin gida: ku ja gida 3 a shafi, ku rubuta mutum 4 daga danginku da abin da ba sa ci da dalili. Ku zo da shi mako mai zuwa.