Kafin ka sake zama jarrabawar GMAT

'Yan'uwa masu neman gurbin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci), in makinku bai yi kyau ba a GMAT, wato jarrabawar neman shiga wannan karatu, kada ɓacin rai ya sa ku sake biyan kuɗin jarrabawar da gaggawa, musamman da yake da dala ake biya. Fara duba matsakaicin makin ɗaliban da makarantar da kake nema ta ɗauka bara. In naka yana kusa da shi, gara ka maida hankali kan rubutun neman shiga da wasiƙun shaida. In da tazara sosai, ko sashe ɗaya ne ya ja ka ƙasa, kamar lissafi, to sake ta. Sai bayan kwana 16 ake iya sakewa, amma ni dai ina ganin makonni shida na atisaye sun fi. Makin yana aiki har shekara 5, kuma yawancin makarantu makinka mafi yawa suke dubawa.