Darasi Na Tara: Yadda Ake Tsara Biyan Bashi

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ajinmu na yamma a nan Gombe akwai tela, akwai mai tuyar ƙosai, akwai manomin rani daga Dadin Kowa, akwai masinja mai jiran ƙarshen wata. Da wuya a samu mutum ɗaya da ba a bin sa ko sisi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, mutane da yawa da ba su saba cin bashi ba sun ci. Don haka kada kowa ya sunkuyar da kai a wannan darasi. Abin da ke zubar da mutunci shi ne ɓuya, da kashe waya, da "ka dawo gobe" alhali ka san goben babu komai.

Fara da biro da takarda

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, tare da lokacin biya, a kuma kafa shaidu. Ku lura da wani abu a cikinta: wanda ake bi shi aka ce ya yi shifta, wato ya faɗa da bakinsa a rubuta. Ke nan rubutun da kuke koya a wannan aji yana da aiki tun yau.

Ka samu littafi guda, ka ware shi don wannan kaɗai. Ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Gida na farko sunan mai bin ka, na biyu nawa ne, na uku ranar da kuka yi da shi, na huɗu ko bashin yana ƙaruwa, na biyar abin da zai faru idan ba ka biya ba. Kada ka tsallake kowa, har kuɗin maganin da ka karɓa a kemis da zubin adashin da ya wuce ka.

Na san wannan shafi yana da nauyi. Wasu sukan rufe littafin tun kafin su haɗa jimla, domin suna tsoron ganin adadin. Amma bashin da ke yawo a ka kullum ya fi na takarda girma, shi ne ke hana barci. Ka daure ka haɗa.

Mu ɗauki misali. A ce wani tela ne a Jekadafari, ga abin da ya rubuta:

Mai gidan haya, ₦60,000. Yayansa, ₦50,000. Mai hatsi a Tudun Hatsi, ₦45,000. Manhajar ba da rance ta waya, ya karɓi ₦30,000, yanzu ta kai ₦39,000. Mai kemis, ₦6,000. Jimla ₦200,000.

Nawa za ka iya, tsakaninka da Allah?

Yanzu sai shafi na biyu. Telan nan yakan samu kamar ₦120,000 a wata bayan ya fitar da kuɗin zare da wuta da na yaran shago. Abinci, ruwa, gawayi, makarantar yara, kuɗin mota da magani suna cin ₦98,000. Saura ₦22,000. Ya ajiye ₦2,000 saboda zazzaɓi ko gaisuwar mutuwa, sai ya zama ₦20,000 ne abin da zai iya bayarwa kowane wata. Idan aka raba ₦200,000 da ₦20,000, wata 10 ke nan.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Kunya takan sa mutum ya ce wa mai bin sa, "Ƙarshen wata zan kawo duka." Ƙarshen wata ya zo babu, an shiga saɓa alkawari na biyu, kuma daga nan ko gaskiya ka faɗa ba za a yarda ba. Gara ka yi alkawarin ₦5,000 ka cika sau goma da ka yi na ₦50,000 ka saɓa sau ɗaya. Kuma ka yi lissafi da watan da kasuwa ta fi mutuwa. Tela ba zai auna kansa da ɗinkin Sallah ba. Idan Sallah ta zo aiki ya yi yawa, rarar sai ta tafi kan bashi, watanni su ragu.

Wa za a fara biya?

Ba wanda ya fi ɗaga murya ake fara biya ba. Ka duba gida na huɗu da na biyar a littafinka. Bashin da ke haihuwa kullum shi ne na farko, sai wanda zai raba ka da wurin kwana ko kayan sana'a.

Ga yadda kuɗin ruwa yake cin mutum. Idan ka karɓi ₦50,000 a kan kashi 10 cikin 100 kowane wata, ruwan ₦5,000 ne a wata. Ka yi wata 10 kana kai ₦5,000, ka biya ₦50,000 cif, amma uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Kashi 10 a wata kashi 120 ne a shekara. Musulunci ya haramta riba, kuma wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna illarta. Wanda ya riga ya faɗa ciki, abin da ya kamace shi shi ne ya gaggauta fita. Duk lokacin da ka kai kuɗi ka tambaya: nawa ya tafi ruwa, nawa ya rage uwar kuɗi?

Manoma su yi irin wannan lissafi da ba-da-kaka. A ce ka karɓi ₦25,000 da damina don sayen taki, a kan za ka ba da buhun masara da kaka. Idan buhun ya kai ₦45,000 a lokacin, ₦20,000 ka ɗora a cikin wata huɗu ko biyar. Kafin ka sake karɓa bana, ka rubuta na bara ka gani.

Telanmu ya tsara nasa haka. Wata uku na farko: ₦13,000 ga manhaja, ₦5,000 ga mai gida, ₦2,000 ga mai kemis. A ƙarshen wata na uku manhaja da kemis sun fita, in dai manhajar ta yarda ta dakatar da tara, kuma wannan shi ne abu na farko da zai nema a wurinsu a rubuce. Wata na huɗu zuwa na takwas: ₦9,000 ga mai gida, ₦9,000 ga mai hatsi, ₦2,000 ga yayansa. Wata na tara da na goma: ₦20,000 duk wata ga yayansa. Ku haɗa da kanku ku gani ko ya cika.

Abu ɗaya ke rushe irin wannan tsari: cin sabon bashi don toshe tsoho. Mai karɓa daga wannan manhaja ya biya waccan yana haƙa rami ne don ya cike wani, kuma kullum sabon ramin ya fi zurfi. Idan akwai abin da za ka iya sayarwa wanda ba da shi kake neman abinci ba, kamar tunkiya ko waya ta biyu, sayar da shi ya fi. Keken ɗinki kuwa, ko injin ban-ruwa, ko kaskon tuya, waɗannan su ne za su biya bashin, kada a taɓa su.

Ka riga shi zuwa

Wannan shi ne sashen da na fi so ku riƙe. Mai bin bashi ya fi jin zafin shiru fiye da jinkiri. Idan ya ga ka canja hanya a kasuwa, zuciyarsa za ta ba shi cewa cinye masa za ka yi. Ka je da ƙafarka tun ranar ba ta cika ba, a lokacin da babu jama'a a rumfarsa. Bayan gaisuwa ka ce:

"Alhaji, na zo ne a kan kuɗin masarar nan, ₦45,000. Ban manta ba, kuma ba zan ci haƙƙinka ba. Gaskiya ba ni da halin biya gaba ɗaya. Ga lissafina a rubuce. Daga watan Rajab zan riƙa kawo ₦9,000 duk wata har wata biyar. Ina roƙon ka yi mini haƙuri zuwa lokacin."

Zai iya yin faɗa. Ka bar shi ya gama, haƙƙinsa ne a hannunka, kuma shi ma wataƙila dila na bin sa. Zai iya cewa ka ƙara. Idan ba za ka iya ba, ka ce, "Alhaji, in na ce fiye da haka ƙarya zan yi maka." Idan magana ta ƙi daidaita, ku nemi wanda kuke jin nauyinsa ku biyu: mai unguwa, liman, fasto, ko shugaban 'yan kasuwar layinku.

Bashin ɗan'uwa shi aka fi yi wa sakaci, domin ba ya zuwa ƙofar gida da safe. Shi ne kuma yake raba zumunci har 'ya'ya su gada. Telan nan ya sa yayansa a ƙarshe, amma tun watan farko ya je ya ce, "Yaya, ga yadda na tsara. Naka ne ƙarshe don na san za ka ɗaga mini ƙafa, amma ga watan da zan fara." Mata ma haka: wadda zubin adashi ya wuce ta ta samu uwar adashi da wuri, kafin ranar kwasar wata ta zo a rasa cikon.

Addini ya ja kunnen kowane ɓangare. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Hadisi ingantacce kuma ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Wanda bashi ya yi wa katutu ta hanyar halal yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba su zakka, don haka faɗa wa limamin unguwa halin da kake ciki ba roƙo ba ne.

Idan kun daidaita, ku rubuta. Ku kwafi wannan a littafinku:

"Ni ............ na amince ............ yana bi na ₦............ Zan riƙa biyan ₦............ ranar ............ ga kowane wata, daga watan ............ zuwa watan ............"

Ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kofi. Duk biyan da ka yi a rubuta a bayan takardar da kwanan wata. Idan ta POS ko waya ka tura, ka adana rasit. Ka kuma nuna wa iyalinka inda littafin yake, domin ana fitar da bashi ne kafin a raba gado, kuma magada ba za su biya abin da ba su sani ba.

Banki, manhaja da hukuma

Bashin banki ba ya ɓacewa don ka daina amfani da asusun. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya ciri kuɗinsa daga asusunka na wani banki idan ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Akwai kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, kuma bankuna suna dubawa kafin su ba da sabo. Waɗanda suka karɓi rancen korona ta bankin NIRSAL a 2020 su sani rance ne, ba kyauta ba. Ka je reshe, ka nemi jami'in da ke kula da rance, ka rubuta takardar neman a tsawaita lokaci a rage abin da ake cira duk wata. A buga maka hatimi a kofinka. Idan an cire maka abin da ba ka gane ba, ka fara kai ƙorafi bankin a rubuce. In ba su warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna.

Wasu manhajoji sukan tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci, su kira ka ɓarawo. Ba su da wannan hurumi. Hukumar FCCPC mai kare masu sayayya ta wajabta musu rajista tun 2022, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kada ka goge saƙonnin, ka ɗauki hotonsu, ka sa wanda ya iya ya taya ka kai ƙara. Amma kuɗin da ka karɓa yana nan a wuyanka, ka biya.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Sashe na 36 ya hana kama matarka ko ɗanka ko ƙaninka a madadinka. Damfara daban ce, laifi ce. Haka ma ba da cek alhali babu kuɗi a asusu: dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu. Don haka kada ka rubuta cek don kawai a ƙyale ka yau.

Idan sammaci ya zo daga kotu, ka je ranar da aka sa. Wanda ya ƙi zuwa ana iya yanke hukunci a bayansa. Ka tafi da littafinka da rasit ɗinka, ka amsa abin da ka san gaskiya ne, ka roƙi alƙali ya yanka maka biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar da ba ka karanta ba, ko wanda ka yarda da shi bai karanta maka ba. Wannan ya haɗa da tsaya wa wani, domin idan ya gaza kai za a bi.

Aikin gida

Ka ja gidaje biyar ɗin nan a littafinka ka cike su. Ba sai ka nuna wa kowa a aji ba. Sannan ka lissafa wannan: wata mai ƙosai a Pantami ana bin ta ₦36,000, tana iya ware ₦300 kullum, kwana 6 a mako. Mako nawa za ta ɗauka? A darasi mai zuwa za mu zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama mai hatsi ɗaya ya zama tela, kowa ya gwada maganar da bakinsa. Ku zo da biro.