Yadda ake lulluɓe gindin bishiya ba tare da an shaƙe ta ba

Duk wanda ya taɓa shiga daji mai duhu ya sa hannu ya tona ƙasar da ke ƙarƙashin bishiyoyi ya san yadda take, baƙa wuluk, ga laushi ga danshi, tsutsar tana na yawo a ciki, kuma fa ba wanda ya zo ya zuba mata taki, ganyen da bishiyar ta kakkaɓe ne ya taru yana ruɓewa a hankali shekara da shekaru. Mu kuma da mun ga ganye ya zuba sai tsintsiya, a share tas a cinna masa wuta, a bar ƙasa tsirara rana na gasa ta, ruwa in ya sauko ya daddaɓe ta ta koma kamar daɓe. To lulluɓe gindin bishiya ba wani abu ba ne illa ka mayar mata da wannan bargon da aka kwashe mata.

Kafin ka ɗauki shebur ka fara sanin inda saiwar take, domin nan ne da yawa ake kuskure. Mutane suna ɗauka saiwa can ƙasa take nutsawa kamar yadda bishiyar ta yi tsawo sama. A'a. Ƙananan saiwoyin nan sirara masu kama da gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa da abinci, mafi yawansu a sama-sama suke, cikin santimita 30 zuwa 45 na saman ƙasa, kuma gefe suke bazuwa har su wuce inda rassa suka tsaya. Ka ga kenan abin da ake so ka rufe shi ne filin da ke kewaye da bishiyar, ba jikin kututturen ba.

Fara da cire ciyawar da ta fito a wurin, da hannu in zai yiwu, in kuma fartanya ce to a sama-sama, kar ka sara da zurfi ka datse saiwa. Sai ka ba ƙasar ruwa ta sha sosai. Wannan kar ka tsallake shi don Allah, in ka rufe busasshiyar ƙasa to bushewar ka rufe. Daga nan ka zagaye bishiyar da da'ira, in ƙarama ce sabon dashe aƙalla mita 1 daga kututture ta kowane gefe, in babba ce kuma kana da fili da kayan rufi ka kai har iyakar inuwarta. Ka baza kaurin santimita 5 zuwa 10, kusan yatsu huɗu in ka jera su. Idan ƙasarka taɓo ce mai riƙe ruwa tsaya a 5, idan yashi ne mai saurin tsotsewa kana iya kaiwa 10.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Kar ka tula a jikin kututture. Wallahi abin yana ci min rai, sai ka ga an dasa bishiya mai kyau an kashe mata lokaci, sannan an zo an tara mata tsibi a wuya kamar suri, mai yi kuma da kyakkyawar niyya ya yi, gani yake gata ya yi mata. Ɓawon kututture ba kamar saiwa ba ne, shi an halicce shi ne ya zauna a bushe iska na kaɗa shi, in ya daɗe a jiƙe sai ya yi laushi ya fara ruɓewa, cuta ta samu ƙofa, ɓera ya samu maɓoya yana gaigayar ɓawon ba wanda ya gani, gara ma ta samu hanya. Kuma a ƙarƙashin ɓawon nan ne abincin da ganye ya haɗa yake bi ya sauka zuwa saiwa, in ya lalace ya zagaye kututturen kaf bishiyar ta tafi kenan. Akwai ma wata matsalar da ba a gani da wuri, sababbin saiwoyi sai su fito cikin tsibin suna neman iska, su yi ta nannaɗe kututturen, yana ƙara kauri suna ƙara matse shi har su shaƙe shi, shekaru ake ɗauka kafin ka ga ganye ya ƙanƙance rassan sama suna bushewa, lokacin kuma ka manta da tsibin sai ka ɗora laifin a kan ruwa ko wata cuta. Saboda haka ka bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin kututture da inda rufin ya fara, ta yadda wurin nan da gindin ya buɗe ya yi faɗi kafin ya shiga ƙasa zai kasance a fili kana ganinsa. In kana da bishiyar da aka riga aka tula wa, je ka yaye mata yau da hannu a hankali.

Batun me za a zuba, ni dai ɓarɓashin itace da aka niƙa haɗe da ganye da ɓawo ya fi kwanta min, yana daɗewa, iska da ruwa na ratsa shi. Busasshen ganye ma yana yi sosai musamman in an ɗan farfasa shi don kar ya manne da juna, haka tattaka da yankakken kara. Za ka ji ana cewa ɗanyen ɓarɓashin itace na cinye naitirojin ɗin ƙasa, wato wani sinadari da shuka ke buƙata don girma, eh yana yi amma in ka cuɗa shi cikin ƙasar ne, in a sama ka baza shi abin a fatar ƙasa kawai yake tsayawa bai kai ga saiwar bishiya ba. Garin katako mai laushi shi ne nake tsoro, yana dunƙulewa ya yi ɓawo ruwa ya riƙa zamewa ta kansa, in shi kaɗai gare ka to ka sa kaɗan ka gauraya da ganye. Ɗanyar ciyawa ka shanya ta tukuna don tana ɗaukar zafi ta yi yauƙi, wadda aka fesa wa maganin kashe ciyawa kuwa kar ma ka kawo ta. Kuma ka sunsuna tulin kafin ka ɗiba, in yana warin tsami ko na ruɓaɓɓen ƙwai ya ruɓe ne ba iska, baza shi ya sha iska kwana biyu uku har warin ya fita.

Leda kam a'a, tana hana iska da ruwa shiga. Tsakuwa kuma tana ɗaukar zafin rana ta riƙe, ba ta ƙara wa ƙasa komai.

Bayan ka gama ba shi kenan ba. Lokaci zuwa lokaci ka tura yatsa ƙarƙashin rufin ka ji ƙasar kafin ka yi ban ruwa, domin yanzu ba ta bushewa da sauri kamar da, in ka ci gaba da ba ta ruwa yadda ka saba sai saiwa ta nutse. In saman ya ƙame ka bi shi da manjagara ka sassauta. Sau ɗaya a shekara ka auna kaurin, in ya ragu ka cike zuwa yatsu huɗun nan, in bai ragu ba bar shi haka, kar ka ce shekara ta zagayo dole sai ka ƙara. Sa safar hannu in za ka taɓa tsohon rufi saboda kunama da maciji na son sanyin wurin, kuma busasshen rufi na kama wuta da sauri, kar a ƙona shara ko a yar da guntun sigari kusa da shi.